Shawara ga masu shirin jarrabawar BAC a Tawa

Ƴan uwa ɗalibai, idan a lissafi aka ce ku bambanta polinom da fonkisiyon rasiyonel, ku fara duba inda x yake zaune. Muddin babu x a ƙarƙashin layin rabawa, kuma lambobin da ke bisa kansa cikakku ne marasa alamar ragi, polinom ne, kamar 3x² − 5x + 2. Har (x² + 1)/4 polinom ne, domin 4 ne kawai a ƙasa, kuma a nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Amma (x + 1)/(x − 2) rasiyonel ne, domin polinom ne bisa polinom kuma akwai x a ƙasa, sai ku rubuta nan take cewa x ba zai zama 2 ba, tunda ba a rabawa da sifiri. Shi kuwa √x, ba ya cikin ko ɗaya, domin daidai yake da x mai 1/2 bisa kansa, kuma 1/2 ba cikakkiyar lamba ba ce.