Yadda Matuƙan Jirgin Sama Za Su Tsare Hankalinsu a Lokacin Sauka

Daga lokacin da jirgi ya fara gangarowa zuwa lokacin da tayoyinsa suka taɓa ƙasa, aiki yakan yi wa matuƙa biyu yawa: hasumiya tana ba da umarni, ana sauya tashar rediyo, ana rage gudu, ga kuma gajiyar tafiya. Dokar da ta fi kowace muhimmanci a wannan lokaci ita ce kada matuƙan biyu su sunkuyar da kai kan abu ɗaya a lokaci guda, har jirgi ya zama ba mai kallon inda ya dosa.

A fara shirin sauka tun jirgi yana can sama, kafin a soma gangarowa. A shigar da hanyar sauka cikin kwamfutar jirgi, a gwada ta da taswirar filin, sannan matuƙin da zai saukar da jirgin ya faɗa wa abokin aikinsa da baki titin da za a sauka a kai, da mafi ƙarancin tsayin da aka halatta a kowane zango, da ɓangaren da duwatsu suke, da abin da za a yi idan an fasa sauka. A karanta sanarwar filin jirgin da natsuwa, domin a daren 7 ga Yulin 2017 wani jirgin Air Canada ya nufi titin da jirage huɗu suke jere suna jiran tashi a birnin San Faransisko na Amurka, yana zaton titin sauka ne. An rufe ɗaya daga cikin titunan sauka biyu da ke kusa da juna a daren, kuma an rubuta hakan a cikin takardun da aka ba matuƙan, amma bai tsaya a ransu ba. Jirgin ya gangaro har kusan ƙafa 60 daga ƙasa kafin ya koma sama.

Bayan haka sai a raba aiki, a kuma faɗe shi a fili: wannan yana tuƙi, wancan yana sa ido da magana da hasumiya. Idan wata matsala ta taso, kyaftin ya ambaci wanda zai riƙe jirgin kafin kowa ya taɓa matsalar. A Disambar 1972 jirgin kamfanin Eastern mai lamba 401 ya faɗi a fadamar Ebagiled kusa da birnin Mayami na Amurka, mutum 101 suka rasu, alhali abin da ya lalace ƙwan fitila ne kawai, wanda yake nuna cewa tayar gaba ta sauka. Matuƙan duka sun duƙufa a kan fitilar, na'urar da ke riƙe tsayin jirgi ta saki ba wanda ya lura, jirgin ya yi ta gangarowa a hankali cikin duhu.

Hira kuma tana da iyakarta. Tun 1981 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta haramta duk wata magana ko hidima da ba ta shafi tuƙi ba idan jirgi ya gangaro ƙasa da ƙafa 10,000, bayan haɗura irin na birnin Shalot a 1974, inda matuƙan suke hirar siyasa da tsofaffin motoci har jirginsu ya bugi ƙasa kafin ya kai titi. Waya da kwamfutar hannu su ma a ajiye su. A Oktoban 2009 matuƙan wani jirgin kamfanin Northwest sun shige birnin Miniyafolis, inda za su sauka, da kimanin mil 150 suna duba jadawalin aiki a kwamfutocinsu.

Inda na fi so matuƙi ya tsaya ya yi nazari shi ne batun sauya hanya a ƙurarren lokaci, kuma haɗarin da ya faru kusa da birnin Kali na ƙasar Kolombiya ya isa darasi. A daren 20 ga Disambar 1995, jirgin American Airlines mai lamba 965 ya taso daga Mayami a makare. Yana gangarowa cikin kwarin da duwatsu suka saka a tsakiya, sai mai kula da zirga-zirga, wanda ba shi da na'urar hango jirage, ya yi musu tayin sauka kai tsaye a titi na 19, suka karɓa don su rage lokaci. Nan take aiki ya cuɗe, domin jirgin ya yi sama da yawa ga sabuwar hanyar. Aka buɗe birkin iska na kan fikafikai, aka shiga neman taswira, aka danna harafin R a kwamfuta ana nufin Rozo, tashar rediyo mai nuna wa jirage hanya da ke gabansu. Kwamfutar ta kawo tashar Romiyo ta kusa da Bogota, babban birnin ƙasar, aka tabbatar mata ba tare da an duba ba, jirgin ya karkata hagu ya nufi duwatsu yana ci gaba da gangarowa. Cikin mutum 163, huɗu ne suka tsira.

Saboda haka, duk abin da aka shigar a kwamfuta, kada a danna maɓallin zartarwa sai an kalli layin da ya fito a allo, an ga ya nufi inda ake so, kuma abokin aiki ya ce ya gani ya yarda. Idan hasumiya ta yi tayin gajeriyar hanya, matuƙi yana da cikakken ikon ya ce ba zai iya ba, ko ya nemi a ba shi lokaci ya zagaya ya shirya. Idan kuma shakka ta shiga game da inda jirgi yake, a dakatar da gangarowa nan take, a hau zuwa tsayin da ya fi kowane dutse a yankin, sannan a yi bincike. Wannan ya shafi masu sauka a Kano ko Yamai a lokacin hunturu, inda hazo yakan rufe ƙasa har ido ya kasa gyara kuskuren na'ura.

Akwai ma'auni na ƙarshe da kamfanoni da yawa suke bi: idan jirgi ya kai ƙafa 1,000 daga ƙasa cikin gajimare ko hazo, ko ƙafa 500 idan gari garau yake, dole ya kasance yana kan layin titi, gudunsa daidai, tayoyi a sauke, an gama duba komai. In abu ɗaya ya saura, a fasa sauka a sake zagayowa, kuma ko mataimaki ne ya ce a fasa, kyaftin ya bi. Idan na'urar da ke gargaɗin cewa jirgi ya kusa bugun ƙasa ta yi ƙara, a ba injina cikakkiyar wuta, a ɗaga hancin jirgi, hannu kuma ya kai ga birkin iska ya rufe shi. Matuƙan Kali sun ba da wuta sun ɗaga hanci, amma birkin yana buɗe har jirgin ya bugi dutsen kusa da ƙololuwarsa.