Darasi na Tara: Ƙirga Kwanakin Wanda Aka Tsare

Karanta a hankali.

Bayan sallar isha'i wata dattijuwa a Shara Mansur, cikin Makka, ta shiga gidan maƙwabcinta, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Malam, askarawa sun tafi da yaron nan."

"Subhanallahi. Zauna, Inna. Yaushe?"

"Ɗazu. Ko jiya ne ma? Wallahi kaina ya kulle."

Malam ya yago takarda daga littafin jikansa, ya miƙa mata biro. "Kin yi wata huɗu a aji. Rubuta ranar da kanki, da ƙarfe nawa, da ofishin da aka kai shi."

Hannunta na rawa, amma ta rubuta.

Me ya sa Malam ya fara da kwanan wata? Saboda dokar shari'ar laifuka ta Saudiyya, wadda aka sabunta a 2013, da lissafi take tafiya. Jami'in da ya yi kamu zai saurari bayanin mutum nan take. In bai sake shi ba, sai ya miƙa shi ga mai bincike cikin awa 24. Mai binciken nan ma'aikacin Niyaba ne, wato hukumar gabatar da ƙara, kuma shi ma awa 24 gare shi ya yi tambayoyinsa. Daga nan ko saki ko tsarewa.

Tsarewar farko ba ta wuce kwana 5 daga ranar kamu. Shugaban reshen Niyaba na iya ƙarawa har jimilla ta kai kwana 40. Abin da ya haura haka sai da izinin manyan Niyaba na sama, a riƙa ƙarawa kashi-kashi, kowane kashi bai fi kwana 30 ba, jimilla kada ta zarce kwana 180. Ranar da suka cika, ko kotu ko gida, sai fa in kotu ce da kanta ta yarda a ƙara. To wanda bai san ranar farko ba, daga ina zai fara ƙirga?

Wanda aka kama yana da haƙƙin a faɗa masa dalili, a kuma bar shi ya sanar da wanda yake so. Duka da azabtarwa da wulaƙanci duk dokar ta hana. Mace kuwa mace ce ke cajin jikinta. Yana iya ɗaukar lauya tun a wurin bincike, ba sai an je gaban alƙali ba. Mai bincike na da ikon hana ziyara har kwana 60, amma hanin bai shafi lauya ba. Baƙo kuma ya nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kamar yadda yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta tanada. Najeriya da Nijar duk suna da ƙaramin ofishi a Jidda.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne dangwale. A ajiye takardar Larabci a gaban mutum, ga gajiya ga tsoro, ya ɗora babban yatsa don a rabu da shi. Larabcin kasuwa daban, na takardar bincike daban, ko da a Makka aka yanke maka cibi. Ka ce, cikin ladabi: "A karanta mini, ina son tafinta." Ba rashin kunya ba ne. A ganina wannan jimla ta fi kowace a littafin nan cancantar hadda.

Kada a ɗauka kowane kamu ne ke bin wannan lissafi. Tuhumar ta'addanci dokarta daban, kwanakinta sun fi yawa. Mai matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, kuma hanyar tarhil ake bi da shi, wato mayar da mutum ƙasarsu. Sannan abin da ke rubuce ba kullum ake cika shi ba. In kwanaki sun wuce, a kai kuka Niyaba, domin ita ke duba wuraren tsare mutane, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da aka kafa a 2005.

Aikin gida: a ce ranar 3 ga wata aka kama ɗan dattijuwar nan, kuma da ita za a fara ƙirga. Rubuta ranar da kwana 5 za su cika. A ƙasa, rubuta lambar wayar mutum ɗaya da za ka kira, ba tare da ka duba wayarka ba.