Kurakuran da masu koyon golf na faifai suka fi yi

A golf na faifai, faifan roba ake jefawa daga wurin farawa har ya shiga kwando mai sarƙoƙi, kuma mai ƙarancin jifa shi ya ci. A Kalifoniya aka kafa filinsa na dindindin na farko a 1975, yau kuma ya karɓu sosai a Finland da Estoniya.

Babban abin da ke ɓata wa sabon shiga lokaci shi ne sayen faifai mai gudu. Yawancin faya-fayan suna da lambobi huɗu a jikinsu, ta farkon ita ce ta gudu. Mai koyo sai ya ɗauki mai lamba 12 ko 13 don ya gan shi a hannun ƙwararru. Irin wannan ba ya miƙewa sai an cilla shi da saurin da aka ƙera shi dominsa. In hannu bai kai ba, mai jifa da hannun dama ta bayan hannu zai ga faifan ya karkata hagu ya faɗi tun bai je ko'ina ba, shi kuma ya ɗora wa iska laifi. Gyaransa a koma ga mai lamba 2 zuwa 5. A ganina ma faifai ɗaya ya ishi mai koyo har hannunsa ya faɗa.

Sai dogaro da ƙarfin damtse. Ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu isar da shi kawai yake yi. A ja faifan a miƙe daidai ƙirji, kusa da jiki, kar a zagayo da shi. A kuma lura da gabansa: in ya ɗaga sama, iska za ta tare shi, ya hau, ya tsaya, ya faɗo.

Da yawa kuma suna raina jifan kusa da kwando, alhali shi ma jifa ɗaya ake lissafa shi, daidai da mai nisan mita 100. Akwai ma doka a nan: a ƙa'idar PDGA, ƙungiyar da ke tsara dokokin wasan, in tsakaninka da kwando bai wuce mita 10 ba, ba za ka taka gaban alamar wurin da kake jifa ba sai ka nuna ka tsaya daram bayan sakin faifan. Wanda ya bi jifansa da taku, tarar jifa ɗaya za ta hau kansa.