Yadda nake sauraron kundin waƙa kafin in leƙa abin da masu sharhi suka ce

Aikina haɗa sauti ne a wani ɗan situdiyo a Tudun Wada, galibi waƙoƙin biki, sai na siyasa idan kakar zaɓe ta kama. Kwanaki yaron da ke koyon aiki a hannuna ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Oga, wai wannan kundin har kyauta ya ci, ni kuwa na ji waƙa biyu ban ga abin da ake zuzutawa ba." Da na duba, The Suburbs ne na Arcade Fire, mawaƙan Montreal ta Kanada, wanda ya fito a Agustan 2010. Mai tura waƙa ya jera masa su bisa haruffa, ta farko ta gangara can ƙasa. Na ce masa, "Kai ai daga ƙanzo ka fara cin tuwon."

To abin farko ke nan: ka samo kundin dukansa, a jeren da masu shi suka tsara. Waƙoƙi 16 ne, sun ɗan haura awa guda. Ta farko ba ta tsayawa, tana zarcewa ne kai tsaye cikin ta biyu, sannan a can ƙarshe karin waƙar farko ya sake dawowa a hankali ya rufe kundin. In wayarka na tsallake-tsallake, duk wannan ɗinkin ya warware. Ka sauke shi tun da rana a inda sabis ke da ƙarfi, ka cika caji, ka nemi iyafis mai kunne biyu masu aiki. Lasifikar waya tana cinye bes, wato sautin ƙasa mai kauri, gaba ɗaya.

Kada ka karanta sharhin kowa tukuna. Wannan shi ne wurin da mutane ke faɗuwa. Da zarar ka ga an ba abu maki mai yawa, kunnenka ya zama ɗan amshin shata.

Ni sau uku nake ji. Jin farko ba na taɓa komai, bayan isha'i, in an ɗauke wuta ma ya fi, muddin janareton maƙwabta bai tashi ba. Ji na biyu ganga da bes kawai nake bi, kamar yadda za ka ware kunne ka bi kalangu ɗaya a cikin taron makaɗa. A nan za ka gane inda suka ƙara wuta da inda suka sassauta, da yadda waƙar kusa da ta ƙarshe, wadda mawaƙiyarsu Régine Chassagne ta rera, ta sauya launi ta koma kiɗan rawa na na'ura. Sai a ji na uku nake buɗe baitocin in bi su da ido, domin Turancin waƙa ba ya fita sosai a kunne.

A jin nan na uku ne kundin ya kama ni. Jagoran mawaƙan, Win Butler, da ƙanensa Will sun tashi ne a wata unguwa a gefen birnin Houston na Amurka, kuma yawancin waƙoƙin a kan mutumin da ya koma inda ya yi ƙuruciya ne ya tarar wurin ya ƙi gane shi. Na taɓa sa shi a kunne ina cikin Keke daga Kawo zuwa cikin gari. Muna wuce sabuwar gada na tuna filin da muke buga ƙwallo muna yara, yanzu shaguna ne a jere. Wanda mahaifinsa ya yi aiki a masaƙun Kakuri ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Daga nan ka ɗauki biro ka rubuta ra'ayinka, layi biyu ko uku: waƙar da ta tsaya maka a rai, wadda ta gundure ka, da dalili. Sai yanzu za ka je wurin masu sharhi.

Ka san yadda makinsu yake. Pitchfork, mujallar sharhin waƙa ta intanet, kan ba da maki a kan goma har da ɗigo. Ta ba wannan kundin 8.6, alhali kundinsu na farko, Funeral na 2004, ta ba shi 9.7. Metacritic kuwa tattaro sharhin jaridu da mujallu take yi ta fitar da maki guda a kan ɗari. Lambar ba ta gaya maka komai in ba ka karanta hujjar ba. Ni nakan nemi wanda ya fi kowa kushe kundin in fara da shi, don mai yabo sau da yawa maimaita na gabansa yake yi. Akwai masu cewa ya yi tsawo, kuma a gaskiya akwai waƙa biyu a tsakiya da ni ma da an ba ni almakashi da na rage.

Ka kuma duba ranar da aka rubuta sharhin. Wanda aka yi a makon fitowa daban yake da wanda aka yi bayan Fabrairun 2011, lokacin da kundin ya lashe Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a rukunin kundin shekara, ya kayar da su Eminem da Lady Gaga da Katy Perry. Daren nan Amurkawa da yawa sun yi ta tambaya a intanet wai su wane ne waɗannan. Ba mamaki, domin Merge ne ya fitar da shi a can, ƙaramin kamfani mai zaman kansa a jihar North Carolina. Asalin ma'anar indie ke nan, sunan da ake kiran irin waɗannan mawaƙa da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, kusan irin namu da ke harhaɗa kuɗin situdiyo da kanmu.

Yaron nawa ya dawo bayan kwana huɗu da takarda a ninke cikin aljihu. Ya rubuta cewa gangar ta yi masa, muryar namijin kuwa kamar mai mura. Na ce ya ajiye takardar, ya je ya jona mana wayoyin makirfo, amarya na nan tafe da ƙawayenta ƙarfe huɗu.