Yadda Za Ka Zaɓa Wa Yaronka Gem Ɗin Da Ya Dace Da Shekarunsa

Wani dare ina zaune ɗana ɗan shekara tara yana gefena da wayar mamarsa, sai na ji muryar ƙato tana fitowa daga wayar, mutum ne mai rai yana tambayarsa shekarunsa nawa, wai kuma ko yana da wata lamba da za su riƙa magana su biyu. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Gem ɗin nan ni da hannuna na sauke masa, na duba na ga ba jini ba bindiga, wasu 'yan tsana ne masu kala-kala suna ta tsalle-tsalle, na ce to ai wannan na yara ne, ashe akwai wata ƙofa a bayansa a buɗe wadda kowa a duniya zai iya shigowa ta nan. Tun daga ranar na zauna na koyi abin nan da kyau, ga yadda nake yi yanzu kafin kowane gem ya shiga hannun yarana.

Abu na farko, nemi lambar shekaru. Kusan kowane gem yana da ita, in na faifai ne tana jikin kwali daga ƙasa, in a Play Store ne tana nan ƙarƙashin sunan gem ɗin kusa da taurari, mutane da yawa suna wuce ta ba su ma san tana nan ba. Tsari biyu ne za ka fi cin karo da su. Akwai PEGI na ƙasashen Turai wanda ya fara aiki a 2003, shi lambobi ne kai tsaye: 3, 7, 12, 16 da 18, kore ga 3 da 7, ruwan lemo ga 12 da 16, ja ga 18. Sai ESRB na Amurka, shi kuma haruffa yake amfani da su, E na kowa da kowa, E10+ daga shekara goma, T daga sha uku, M daga sha bakwai, AO na manya zalla. Ita ESRB ɗin ma rigima ce ta haife ta, a 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan gem-gem irin su Mortal Kombat saboda jinin da ake zubarwa a ciki, kamfanoni suka ga in ba su yi wani abu ba gwamnati za ta yi musu, shi ne a 1994 suka kafa ta da kansu.

Don ka samu ma'auni a kanka: Minecraft 7 ne a PEGI, E10+ a ESRB. Fortnite 12 ne, ko T. GTA V kuwa 18 ne, M a Amurka, kuma shi ne wanda na fi ganin yara 'yan firamare suna bugawa iyayensu na kallo suna zaton tuƙin mota ne kawai, alhali akwai kisa da ƙwaya da zagi da gidajen rawa na tsiraici a ciki. Kuma a kula, lambar tana magana ne a kan abin da ke cikin gem ɗin, ba ruwanta da wahalarsa. Gem ɗin dara zai iya zama 3 amma ɗan shekara uku ba zai gane komai ba.

Na biyu, kar ka tsaya a lambar, danna ta ka karanta dalilin da ya sa aka ba shi ita. A PEGI ƙananan hotuna ne: dunƙulallen hannu yana nufin duka da kisa, gizo-gizo abin tsoro, sirinji ƙwaya ko giya, 'yan ludo biyu caca, kumfar magana mai alamomi a ciki zagi, hannu riƙe da katin banki kuma yana nufin ana sayen abubuwa da kuɗi a ciki. Wannan ya fi lambar amfani a wurina saboda yara ba ɗaya ba ne. Babbar 'yata faɗan katun ba ya damunta ko kaɗan, amma in ta ga abin tsoro ko na minti ɗaya ne to ranar ba barci, sai ta zo ta maƙale a ɗakinmu. Ƙaninta kuma tsoro ba ya kama shi, amma duk kalmar da ya ji sai ya maimaita ta. Kenan gem biyu masu lamba 12 ɗaya ya dace da wannan ɗaya bai dace ba, kai ka san ɗanka, hukumar da ke Turai ba ta taɓa ganinsa ba.

Akwai abin da ya kamata a sani game da gem-gem na waya. Tun 2015 Google Play yana amfani da wani tsari mai suna IARC, inda mai gem ɗin da kansa yake cike fom yana amsa tambayoyi, akwai jini? akwai zagi? akwai caca? sai lambar ta fito daga amsoshinsa. Hukumomin suna bi daga baya suna dubawa suna gyarawa, amma gem-gem ɗin sun yi yawan da ba za a bi kowanne nan take ba. Sannan ga talla. Gem ɗin kyauta da talla yake cin abinci, za ka ga gem na haɗa launuka mai lamba 3 amma duk bayan minti biyu sai an sako tallan wani gem ɗin da mata rabin tsirara, ko tallan caca. In gem ɗin yana aiki ba intanet, kashe data kafin ka miƙa wa ƙaramin yaro, yawancin tallan zai ɗauke.

Na uku mai sauƙi ne kuma shi aka fi yi wa ƙyuya. Shiga YouTube ka rubuta sunan gem ɗin ka kalli wani yana buga shi na minti goma. Kar ka kalli tallan kamfani, kuma kar ka kalli farkon, ja zuwa tsakiya inda abin ya yi zafi. In ya wuce wannan, sauke shi a wayarka ka taɓa shi da kanka ko da ba ka iya ba.

Sai na huɗu, wanda ni a nan aka shammace ni, wato hira. Lambar shekaru ba ta auna abin da sauran 'yan wasa za su faɗa wa ɗanka, ba yadda za a yi ta auna, iyaka a rubuta maka gargaɗi cewa masu wasa suna iya magana da juna. Gem irin Roblox ma gaba ɗaya dandali ne, mutane ne suke ƙirƙirar wasannin da ke ciki, wani mai kyau wani abin kunya, don haka ba a ce “na duba Roblox” sau ɗaya a wuce, sai ka san wanne yake shiga a ciki. Abin da nake yi, ina shiga setin na kowane gem na kashe hirar murya gaba ɗaya ga wanda bai kai sha uku ba, hirar rubutu kuma na mayar da ita abokai kawai, sannan mu zauna tare mu bi jerin abokan ɗaya bayan ɗaya ina tambaya wannan waye, a ina ka san shi. Wanda ba mu san fuskarsa ba a zahiri, fita. Kuma a falo ake bugawa da sifika a buɗe, ba abin toshe kunne, da ɗana ya sa abin kunne a daren nan da ban ji muryar mutumin ba har yau.

Ka kuma gaya wa yaro a fili abin da ba a faɗa wa baƙo: cikakken suna, makaranta, unguwa, lambar waya, hoto. Duk wanda ya ce masa zo mu koma wata manhajar mu yi hira, ko zan ba ka kyauta amma kar ka faɗa wa kowa, to ya zo ya faɗa maka. Amma fa sai ka yi masa alƙawarin ba za ka ƙwace wayar ba in ya faɗa, kuma ka cika, domin yaron da ya san faɗa yana jawo ƙwace waya to shiru zai yi.

Na biyar kuɗi. Cire katin bankinka daga wayar da yaro ke riƙewa, in ba zai yiwu ba sa a riƙa neman fasuwod a kowane saye, kowane ɗaya, ba wanda ake sa sau ɗaya ya buɗe na rabin awa ba. Abin da ya fi damuna shi ne akwatin sa'a, wanda za ka biya kuɗi ba ka san me zai fito ba, ko ɗan wasa mai tsada ko shara. Gem ɗin ƙwallo na FIFA, wanda yanzu ake kira EA Sports FC, ya yi shekara da shekaru da lamba 3 a PEGI duk da yana da irin waɗannan fakitocin. Ka lura da fuskar yaro lokacin da ake buɗe fakiti, wuta na walƙiya kiɗa na tashi, numfashinsa ma sai ya tsaya, in bai samu ba ya ce saura ɗaya kawai. Ni dai ban ga bambancin wannan da caca ba, kuma ƙasar Beljiyam a 2018 haka hukumarta mai kula da caca ta ce, ta sa irin waɗannan akwatunan na kuɗi a ƙarƙashin dokar caca. A Disamba 2022 kuma kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 520 a sulhu da hukumar kasuwanci ta Amurka, cikin zargin har da barin hirar murya a buɗe ga yara tun daga farko da kuma tsara maɓallai yadda mutum zai yi saye bai yi niyya ba.

Na shida, buɗe wa yaro asusunsa na kansa da ainihin ranar haihuwarsa. Da yawanmu muna ƙara wa yaro shekaru don a bar shi ya shiga, to da ka rubuta shekara ashirin duk kariyar da aka tanada ta yara ta tashi. A Android akwai Family Link na Google, daga wayarka za ka amince ko ka ƙi duk abin da zai sauke, ka sa awannin da zai yi a rana da lokacin da wayar za ta kulle da dare. A iPhone akwai Screen Time, Nintendo Switch da Xbox da PlayStation kowanne yana da nasa. Lambar sirrin kar ta zama shekarar haihuwarka, ita za su fara gwadawa. Kuma in ka kunna tacewa a Play Store na wayar kanta, abin da aka riga aka sauke yana nan, sai ka bi ka goge da hannu.

Maganar lokaci kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kar a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kar ya wuce awa ɗaya a rana. Manyan yara kuma ni barci nake dubawa da karatu da cin abinci da yadda yake yi in an ce ajiye. Sannan gem na intanet ba a tsayar da shi a tsakiya, in ka fizge waya ana cikin zagaye ya bar abokansa a rami, faɗa za ku yi. Ce masa wannan zagayen ne na ƙarshe, ka tsaya a kansa har ya gama.

Nasan wasu za su ce ai gwamnati ce ya kamata ta tace ko ta hana gaba ɗaya mu huta. An gwada. Koriya ta Kudu a 2011 ta hana 'yan ƙasa da sha shida buga gem na intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe, yara suka koma shiga da bayanan iyayensu, wasa kuma ya koma waya inda dokar ba ta kai ba, a 2021 suka yanke shawarar soke ta. Sin a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da sha takwas awa ɗaya kacal, takwas zuwa tara na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A Amurka kuwa kotun ƙoli a 2011 ta rushe dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara gem mai tashin hankali, ta ce gem ma yana ƙarƙashin 'yancin faɗar albarkacin baki. Wani hanin ma ba don yara ake yinsa ba, Indiya da ta toshe PUBG Mobile a 2020 dalilin tsaron bayanai ta kawo. Ra'ayina, hukuma ta tilasta sa lambar shekaru ta gaskiya, ta taka wa masu cacar akwati birki, ta hana a buɗe wa yara hira da baƙi tun daga farko, wannan ina goyon baya ɗari bisa ɗari domin uba shi kaɗai ba zai iya ja da kamfani ba. Amma hani na gaba ɗaya yaro ɗan sha biyu da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, zai tsallake shi cikin minti biyar, sai ya zama yana buga abin a ɓoye inda ba mai gani.

Saura ranar da zai zo ya ce Abba duk 'yan ajinmu suna buga wannan ni kaɗai ne ba ni da shi, kuma gem ɗin 18 ne. Kar ka ce masa a'a kawai ka juya. Buɗe shafin gem ɗin ka nuna masa jar lambar da hotunan da ke ƙasanta, ka ce masa ga abin da ke ciki, shi ya sa ba yanzu ba. Sannan ka tambaye shi me yake burge shi a ciki, sau da yawa motar ce kawai ko kuma yana son ya yi wasa da abokansa, kuma akwai gem-gem na tseren mota masu lamba 3 da 7 da yawa. Ku zauna ku nemo guda biyu ko uku da suka wuce duk matakan nan, ka bar shi ya zaɓi ɗaya da kansa, in ya sauke ka ce ya koya maka yadda ake bugawa.