Kurakuran da Aka Fi Yi a Gefen Layin Dogo

Wani kuskure mai cin rai shi ne ɗauka cewa faɗin jirgi ya tsaya a bakin ƙarfen layi. Jirgi ya fi titinsa faɗi. Tsakanin ƙarafan tsohon layin Legas zuwa Kano mita 1.067 ne, na layin Abuja zuwa Kaduna mita 1.435, amma tarago kansa ya kai kimanin mita uku, sai jikinsa ya leƙo kusan mita ɗaya ta kowane gefe. Inda layi ya yi kwana abin ya fi haka, domin tsakiyar dogon tarago kan shigo ciki, ƙarshensa ya fita waje. Ga igiya ko tamfol da ya kwance daga taragon kaya yana shara. Mai tumatir da ya baza tire taku ɗaya daga ƙarfe, a kan hanyar jirgi yake zaune. Mutum, rumfa ko abin hawa, a ja su baya wajen mita biyar daga ƙarfen da ya fi kusa.

A mararrabar titin mota da layin dogo, direban mota kan shiga layi alhali gabansa a cushe yake. Kada ka hau sai ka ga wurin da zai ɗauki motarka gaba ɗaya a ɗaya tsallaken, har da bayan tirela. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, kuma jirgin kaya mai nauyi yakan wuce kilomita ɗaya kafin birki ya tsayar da shi.

Gadar jirgi ba ta masu tafiya a ƙasa ba ce, yawanci babu wurin raɓewa, musamman ga makiyayi da garke. Direban babbar mota kuwa ya auna tsayin lodinsa bayan an ɗaure, ya gwada da lambar da ke jikin gadar kafin ya shiga ƙarƙashi. In ya daki gadar, ko bai ga tsagewa ba, ya sanar da ma'aikatan jirgi nan take, domin layin na iya gocewa.

Masu yanke wayar shingen layi don yanke hanya suna buɗe wa yara da dabbobi ƙofa. Masu noma ko gini kuma kan ɗauka waya ce iyakar filin jirgi, alhali filin na iya wuce ta. A tambayi ofishin hukumar jiragen ƙasa kafin a haƙa harsashi. Kwasar tsakuwar layi da toshe kwalbati da shara su ke sa ruwan damina ya zaizaye ƙasar da ke riƙe da ƙarafan.