Yadda Ake Duba Bututun Bindigar Raifil Kafin a Amince da Saitinta

Maharbi zai sauya harsashi, ya sayi sabon madubin hange, ya zargi iska, har ya zargi hannunsa, alhali matsalar tana cikin bututu bai taɓa leƙawa ba. Abin da ya raba raifil da bindigar toka ko mai watsa ƙwayoyi shi ne tsagin da aka yi a cikin bututunta, mai murɗewa tun daga gindi har baki, tamkar kunya da kwari a gona. Kunyoyin nan ne ke kama jikin harsashi su juya shi kamar katantanwa, juyin kuma shi ke hana shi tuntsurawa a iska. A bindigar .308 (lambar na nuna kaurin harsashinta a ma'aunin inci) da tsaginta ke zagaye sau ɗaya a kowane inci 12, harsashi kan fita yana juyi sama da sau 150,000 a minti ɗaya. Abin da ke irin wannan gudu, ɗan lahanin da ido ba ya ko lura da shi ya isa ya karkatar da shi.

Wannan bayani na wanda ya mallaki bindiga bisa ƙa'ida ne, don farauta ko gasar harbi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi kafin a riƙe irin wannan bindiga.

Mataki na farko: tabbatar babu harsashi. Juya bakin bindiga inda babu kowa, cire gidan harsasai, buɗe sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle gindin bututu, ka duba mazaunin harsashi da ido, sannan ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Ko mai ita ya rantse maka babu komai, ka duba da kanka. Idan sakatarta mai fita ce, zare ta gaba ɗaya, harsasai kuma a kai su wani ɗaki.

Mataki na biyu: wanke bututun kafin ka yanke masa hukunci. Datti yana ɓoye lahani, haka mai. Bututun da aka shafe da mai sosai yakan yi ƙyalli ko da tsatsa ta cinye shi, shi ya sa ban yarda da sheƙin bindigar da aka kawo kasuwa ba sai na goge ta ta bushe. Tura ƙyalle mai ruwan wanke bututu daga gindi zuwa baki, ka bi da busassu, kana kallon launin da suke fitowa da shi. Baƙi toka ce ta albarushi, ba abin damuwa ba. Shuɗi ko kore alamar jan ƙarfen jikin harsashi ne da ya manne. Launin ƙasa-ƙasa mai ja kuwa tsatsa ce, a nan sai ka buɗe ido.

Tun kana wannan gogewar ka saurari hannunka. Ƙyalle mai ɗan tsauri ya kamata ya tafi da nauyi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Idan ya isa wani wuri ya yi sakwa-sakwa sannan ya sake kamawa, akwai yiwuwar bututun ya kumbura a nan. Kumburi yakan faru ne idan an harba bindiga da wani abu toshe a ciki: laka, tsumma, harsashin da ya maƙale, ko gidan zanzaro, wanda ke son ramin bindigar da aka rataye aka manta. Shafa bayan bututun da yatsu, sau da yawa za ka ji ɗan tudun, a ciki kuma yana bayyana kamar baƙin zobe. Bindigar da ta kumbura a ajiye ta, kada a sake harbawa sai gwanin gyara ya gani.

Mataki na uku: leƙa da haske. Kada ka haska tocila kai tsaye cikin idonka ta bututu, hasken zai rufe komai. Sa farar takarda a gindin, ka haska takardar, ka leƙa ta baki, sannan ka juya ka leƙa ta gindi. Kunyoyi masu lafiya gefensu na da kaifi, inuwarsu na fitowa sarai. Waɗanda suka cinye sukan yi sulɓi kamar tsohon tsani. Ƙananan ramuka baƙaƙe a cikin kwarin ɓarnar tsatsa ce. Yanzu akwai 'yar siririyar kyamara da ake zurawa cikin bututu a haɗa da waya, kuma tana nuna abin da ido ba zai taɓa kaiwa ba. Sai dai tana tsorata mutane fiye da kima, domin tana girmama kowane ɗan karce, har sawun injin masana'anta a sabon bututu. Akwai tsofaffin bindigogi masu 'yan ramuka a tsakiya da har yanzu suke zuba harsashi wuri guda.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi ba muhimmanci: duba ƙarshe biyu, maƙogwaro da leɓe.

Maƙogwaro shi ne ɗan wurin da ke gaban mazaunin harsashi, inda kunyoyi suke farawa. Nan wutar albarushi ta fi zafi da ƙarfi, don haka nan bututu ke fara tsufa. Ƙarfen yakan tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, farkon kunyoyin kuma ya riƙa cinyewa yana ƙara nisa da mazaunin harsashi. Sakamakon shi ne harsashi ya yi tsalle mai nisa kafin tsagi ya kama shi, wani lokaci ya shiga a karkace. Saurin wannan cinyewa ya danganta da yawan albarushin da ke bi ta ƙaramin rami. Bindigar .22 mai ƙaramin kwanso, wato mazubin albarushi na harsashi, tana harba dubun dubatar harsasai ba ta nuna gajiya ba, .308 takan kai dubbai, masu babban kwanso da siririn harsashi kuwa saitinsu na iya fara lalacewa tun ba su kai 2,000 ba. Harbi a jere ba tare da barin bututu ya huce ba yana gaggauta ɓarnar.

Leɓe kuma shi ne gefen bakin bututu, wuri na ƙarshe da ke taɓa harsashi. A daidai lokacin da gindin harsashi ke fita, iska mai zafi na biye da shi da ƙarfin gaske. Idan leɓen ya daidaita ta ko'ina, iskar za ta fita daidai. Idan ya ɓantare a gefe ɗaya, ta nan za ta riga fita, ta tura gindin harsashin gefe. Duba shi da madubi mai girmama abu. Akwai kuma dabara mai sauƙi: zagaya bakin a hankali da audugar goge kunne, duk inda zare ya maƙale akwai kaushi. Bayan harbi, tokar da ke kan baki ya kamata ta yi zane kamar tauraro mai rassa daidai wa daida. Abubuwa biyu ne suka fi lalata leɓe: dogara bindiga baki a ƙasa, musamman a cikin mota, da zura sandar goge ta baki tana gugar gefe shekara da shekaru. Abin farin ciki, gwani zai iya sake yanke leɓe da kuɗi kaɗan. Maƙogwaron da ya ƙone sosai kuwa yawanci sai sabon bututu.

Mataki na biyar: auna murɗin tsagi. Sa ƙyalle mai tsauri a sandar da ke iya juyawa, manna 'yar tuta ta salatif kusa da mariƙi, yi alama, ka tura har tutar ta zagaya sau ɗaya, ka auna nisan da sandar ta shiga. Idan inci 10 ne, murɗin ɗaya ne cikin 10, irin na tsohuwar Lee-Enfield .303 ta Ingila. Dogon harsashi mai nauyi yana buƙatar murɗi mai sauri. Wani bututun lafiyarsa lau, harsashin da ake ba shi ne bai dace da shi ba.

Kafin ka tafi fili, duba kusoshin da ke riƙe ƙarfe da ƙota, wato itacen bindigar, ko sun kwance. Idan bindigar irin wadda aka ƙera bututunta ba ya taɓa itace ce, zura takardar kuɗi tsakaninsu ka ja. In ta maƙale, itacen ya kumbura ko ya lanƙwashe, abin da damina da hunturu ke yi masa, kuma yana danna bututun.

Mataki na shida: bari takarda ta yi shaida. A filin harbi da aka amince da shi, mai tudun ƙasa a baya, ɗora bindigar kan buhun yashi, ka harba biyar a nisan mita 100 da harsashi iri ɗaya, kana dakatawa tsakani. Maimaita sau uku, domin rukuni ɗaya sa'a na iya shiga ciki. Auna tazarar ramuka biyu mafi nisa. Santimita 3 aiki ne mai kyau ƙwarai, 5 zuwa 6 ya wadatar da mafarauci. Ramin da ya fito dogo maimakon zagayayye yana nufin harsashi na isa a kwance, wato tsagi ya cinye ko murɗi bai isa ba. Ramukan da ke tafiya a layi yayin da bututu ke zafi sukan nuna matsin ƙota. Warwatsuwa ba tsari kuwa, koma kan leɓe, maƙogwaro da kusoshin madubin hange.

Idan tsofaffin harsasai ka gwada da su, ka sani da yawansu na barin wani gishiri mai jan raɓa, kuma mai ba ya narkar da shi. Zuba ruwan zafi ta bututun a ranar, busar da shi sosai, sannan ka shafa mai kaɗan. Da damina kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fara kama shi.